Kaki a kan seramik: kwalliyar da ba ta biyan kuɗin sabulu

Wata Hajiya mai sayar da atamfa da shadda a babbar kasuwar Maraɗi ta kira mu a cikin shirinmu na rediyo da wata tambaya, wadda muka ga ya kamata mu kawo ta nan, domin ba ita kaɗai abin ya shafa ba. Ta ce ta biya kuɗi masu yawa an yi wa motarta shafen nan da ake kira seramik, an ce mata zai kare fenti shekara da shekaru. Ba a yi wata biyu ba, sai ga mai wankin mota ya ce mata in tana son motar ta ci gaba da ƙyalli, dole kowane wata a goge ta da kaki, wato man nan na gwangwani da ake shafawa a murza har fenti ya yi sheƙi. Shin ta biya ko kada ta biya?

Amsarmu ita ce kada ta biya. In dai seramik ɗin na gaske ne, kuɗin kakin asara ce.

Da yawa daga cikinmu in sun ji kalmar seramik sai su tuna da farantin tangaran, su zaci an lulluɓe motar da wani abu mai kauri wanda ko dutse ba ya yi masa komi. Ba haka ba ne. Ruwa ne da ake zubawa a ɗan soso a shafa a jikin mota, asalinsa sinadarin da ke cikin rairayi da gilashi. In ya bushe sai ya kama fentin gam, ya zama kamar fatarsa. Kaurinsa bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 1000 na milimita ba, wato silin gashi guda ya ninka shi sau da yawa. Aikinsa shi ne ya sa jikin mota santsi, ruwa ya dunƙule ya gangare, datti ya kasa liƙewa, rana kuma ta rage cin launi. Masu yin sa suna cewa yana kai shekara 2 zuwa 5 in an kula da shi.

Shi kuwa kaki, mafi shahara daga ganyen wata bishiya mai kama da giginya ake samo shi a ƙasar Burazil, ana kiranta karnoba. Ba ya kama fenti, zama kawai yake yi a kai kamar man shafawa a fata. A ƙasashen sanyi yakan yi wata 1 zuwa 3. To mu da a watan Afirilu da Mayu zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, jikin baƙar mota da aka aje a rana yana iya wuce digiri 70, kwana nawa zai yi? Kuma tunda seramik an yi shi ne don kada komi ya liƙe masa, shi ma kakin ba ya samun wurin kamawa.

Hajiyoyi sun fi mu sanin wannan. A ɗauki farantin tangaran mai tsabta a shafa masa man gyaɗa. Zai yi walƙiya, gaskiya ne. A aje shi a tsakar gida lokacin hunturu a dawo da la'asar a gani. Wanda ba a shafa wa komi ba, ruwa kaɗan ya ishe shi, amma mai man sai an sa sabulu an dirje. Kusan haka kaki yake yi wa seramik: ya rufe santsin da aka saya da tsada, ya sa nasa wanda bai kai shi ba kuma ya fi shi riƙe ƙura. Akwai ma irin kakin da ake haɗawa da wani gari mai kankare dattin fenti. Wannan in ana murza shi kowane wata, musamman da inji, seramik ɗin yake ci a hankali. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Ba mu ce masu wankin mota macuta ne ba. Yawancin samarin nan da kaki suka koyi aiki, kuma a kan tsohuwar motar da ba ta da seramik shawararsu daidai ce. Sannan abin da muke ba su na wanki bai taka kara ya karya ba, a kan gwangwanin kakin ne suke samun ɗan abin kai wa gida. Laifin namu ne da muke ciniki kamar za mu yi faɗa a kan dala ashirin ta wanki, amma in an ce ƙyalli sai mu zaro jikka biyar ba gardama.

Abin da ke kashe fentin mota a ƙasarmu, da seramik ko babu, tsumma ne. Daga watan Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana ɗauko ƙura daga sahara, mai yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta sauke mana. Kowace safiya sai ka ga direba ko yaron gida ya ɗauki busasshen tsumma yana goge motar maigida don ya nuna himma. A cikin ƙurar nan akwai ƙwayoyin rairayi da suka fi fenti tauri, sun fi seramik ɗin kansa. Kowace gogawa zane ce. Ku tsaya a gefen baƙar mota da hantsi ku dubi murfin injinta, za ku ga zane-zane kamar saƙar gizo-gizo. Kaki yana cike su na ɗan lokaci su ɓuya, shi ya sa ake ganin kamar magani ne, alhali suna nan.

Saboda haka kuɗin da za a ba kaki a ƙara wa mai wanki, a ce masa ya fara kwarara ruwa sosai kafin hannu ya taɓa motar. Ya yi amfani da bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye ƙyalle, kada rairayin da ya kwaso ya koma jikin fenti. A saya masa sabulun mota da ƙyalle mai laushi, a bar omon wankin tufafi. A wanke a inuwa, da safe ko da marece, kuma a tsane ruwan nan take, domin ruwan rijiya ko na famfo in ya bushe a rana yana barin farin tabo mai wuyar fita, seramik kuwa bai hana wannan ba. Masu aje mota a gindin bedi su lura da kashin tsuntsu, a wanke shi ranar da ya faɗa. Wanda kuma ransa bai kwanta ba sai ya ƙara wani abu, akwai ruwan fesawa da aka yi musamman don seramik, da sinadari iri ɗaya da shi. Wanda ya yi maka shafen shi ya kamata ka tambaya, tunda wasunsu ba sa ɗaukar alhakin aikinsu in an sa wani abu daban a kai.

Sauran magana guda, kuma ita ta fi damunmu. Ba duk abin da ake kira seramik a Yamai ko Damagaram ko Tawa ne seramik ba. Na gaske yana buƙatar a wanke mota, a gyara fentin da inji, a shafa a ɗaki rufaffe inda ƙura ba ta shiga, aikin yini guda ko biyu, sannan a hana ta wanki kamar mako guda. In an yi maka shi cikin awa ɗaya a bakin titi, ruwan fesawa ne mai ƴan watanni aka sayar maka da sunan babba. Araha ba ta ado.

Gwajin ba wuya. A wanke motar tsaf, a watsa ruwa a murfin inji. In ya dunƙule ƙanana-ƙanana ya gangare, shafen yana nan da ransa, a mayar da gwangwanin kaki. In ruwan ya kwanta shame-shame ko bayan wanki mai kyau, to shafen ya mutu ko dama babu shi, kuma a nan ne kaki yake da amfani kafin a samu halin sake wani. Hajiyar da ta kira mu ta gwada tata ranar Juma'a, ta ce ruwan bai tsaya ba.