Samanja ya tafi, mu kuma muna jin kunyar Hausar da ya ɗaukaka

Ranar Lahadi 12 ga Nuwamba 2023 muka wayi gari da labarin rasuwar Alhaji Usman Baba Pategi a Kaduna, wanda duniya ta fi sani da Samanja Mazan Fama. A waya na gani bayan sallar asuba, na wuce ɗakin mahaifina na ce, "Baba, Samanja ya rasu." Tsohon ya yi shiru, can sai ya fashe da dariya shi kaɗai, don wani abu na marigayin ya faɗo masa a rai, sannan ya share ido ya yi masa addu'a. Mutum ya mutu a tuna shi da dariya kafin hawaye, ai ya gama samun shaida.

Washegari na tambayi ɗalibaina na ƙaramar sakandare a nan Tamale ko akwai wanda ya san Samanja. Babu ko ɗaya. Lokacin tara na buɗe musu wani guntun tsohon wasansa a waya. Ga shi nan cikin kaki, ga gashin baki, yana daka tsawa yana cakuɗa Hausa da Turancin soja. Yara suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Sai wata yarinya ta ce, "Malam, wannan ai kamar Hausarmu yake yi." Kafin in buɗe baki wani yaro ya amsa mata: "Shi ya sa ake dariya mana. Hausar banza ce." Wannan magana ta tsaya mini a wuya tun ranar, ita ce ma ta sa na ɗauki alƙalami.

Bari mu fara da shi kansa marigayin. Usman Baba ba Bahaushe ba ne. Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi da ke bakin kogin Kwara a Jihar Kwara ta Najeriya. Ya yi aikin soja na gaske, ya kuma yi aiki a gidan rediyon Kaduna, inda ya rubuta wasanni, ya shirya su, ya fito a cikinsu. Tun a shekarun 1970 shirin Samanja ya fara karɓuwa a rediyo da talabijin na Kaduna, daga baya gidan talabijin na ƙasa, NTA, ya riƙa nuna shi ga Najeriya baki ɗaya. Ya rasu yana da shekara sama da 80. Mu a nan, rediyon Kaduna da iyayenmu ke kamawa a gajeren zango, da kaset ɗin bidiyo da 'yan kasuwa ke shigowa da su, su suka kawo mana shi har tsakar gida.

Abin da ya ɗora wasansa a kai shi ne harshen bariki, wato Hausar da Banufe da Bayarabe da ɗan Tibi da Babarbare suka haɗu a kanta cikin kaki don su fahimci juna. Sunan nasa ma daga can ya fito. Samanja muƙamin soja ne da bakin Bahaushe ya lanƙwasa daga Turanci, kamar yadda ya yi wa kofur da saje da kyaftin da manjo.

To, wannan harshe mu ma muna da gado a cikinsa. A 1863 wani hafsan Ingila, Kyaftin John Glover, ya kafa wata ƙaramar runduna a Legas da aka riƙa kira Hausawan Glover, kuma an kawo su ƙasar nan a yaƙin da Turawa suka yi da Asante a 1873 zuwa 1874. A 1879 aka kafa wa Gwalkwas tata rundunar, wadda daga baya ta zama tushen sojan Ghana. Da yawa daga cikin waɗanda aka ɗauka Frafra ne, da Dagomba, da Mosi, da Gurunsi, amma Hausa ce harshen da ya haɗa su. Taken rundunar ma da Hausa yake: Kullum Shiri. Duk wanda ya taso kusa da barikin Kamina a nan Tamale, ko ya zauna da tsofaffin sojoji a gindin bishiya, ya san abin da nake faɗa. Kafin sojan ma, fataken goro sun riga sun kawo Hausa Salaga, kuma yaƙin basasar garin na 1892 shi ya watsa jama'arta zuwa Kete Krachi da Yeji da sauran zangonni. Daga waɗannan hanyoyi biyu, fatauci da bariki, Hausarmu ta samo kamanninta.

Na san Hausar Zango da Hausar Samanja ba abu ɗaya ba ne. Tasa ta wasa ce, ya ƙara mata gishiri da gangan. Amma yarinyar nan kunnenta bai yaudare ta ba. Mu ma muna cewa "ya zo" ko mace ce ta zo. Da yawanmu ba mu rarrabe ƙ da k, ko ɗ da d. Muna tsoma kalmomin Dagbani da Twi da Turanci ba tare da mun lura ba. Kuma kowannenmu yana da labarin ranar da wani baƙo daga Kano ko Sakkwato ya yi murmushi ya ce, "Kai, Hausar Gana!" Ni kaina an yi mini a kasuwar Aboabo, na koma gida ina auna kowace kalma kafin in furta.

Wani zai ce, to ai Samanja ma dariya ya sa aka yi wa masu irin wannan Hausa, me ya bambanta shi da baƙon kasuwa? Tambaya ce mai nauyi, don akwai barkwancin da cin mutunci ne tsagwaronsa, kuma mun sha ganin finafinan da ake kwaikwayon bakin wata ƙabila don kawai a nuna ta a matsayin wawa. Bambancin shi ne wurin da mai wasan ya tsaya. Usman Baba a cikin gidan yake, ya sa kakin, ya yi faretin, shi ma koyon Hausar ya yi. A wasansa mai gurguwar Hausar shi ne jarumi, shi ke ba da umarni, sunansa shirin ya ɗauka. Abin da ake yi wa dariya shi ne kurinsa da saurin fushinsa da yadda dabararsa kan juye masa. Kada mu manta kuma da zamanin. Soja ke mulki a Najeriya mafi yawan shekarun nan, mu ma nan muna ƙarƙashin Acheampong, daga baya Rawlings. Lokacin da ganin kaki ke sa cikin talaka ɗurar ruwa, wani ya fito da soja a akwatin talabijin a matsayin mutum mai iyali, mai kuskure, wanda za a iya yi wa dariya a kwana lafiya. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma da Hausar littafi ba zai yiwu ba.

Wani kuma, musamman cikin malamanmu, zai ce wasan kwaikwayo ɓata lokaci ne. Ina girmama su, kuma na yarda akwai wasan da bai dace da tarbiyya ba. Sai dai wasan Samanja uba da uwa da 'ya'ya ke zama su kalla tare ba wanda ya sunkuyar da kai. Al'adarmu ma ta san darajar raha, shi ya sa muke da wasan jika da kaka, da na taubasai, da wanda ke tsakanin ƙabilu, kamar yadda Dagomba da Mosi ke tsokanar juna a garin nan ba a jin haushi.

Ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. Hausa ba ta cikin harsuna 11 da gwamnatin Ghana ke ɗaukar nauyin koyar da su a makarantu, ko da yake gidan rediyon ƙasa, GBC, ya daɗe yana labarai da ita. A kwalejin horon malamai an nanata mana cewa yaro ya fi fahimta da harshen da ya tashi da shi. Amma ɗan Zango zai shiga aji a koya masa Turanci da Dagbani, ya je makarantar allo da Islamiyya ya yi Larabci, ya dawo gida ya kalli fim ɗin Kano ya ji ashe Hausar tasa ma ba ta kai ba. Yaron da ya yarda harshen uwarsa na banza ne, da wuya ya ɗaga hannu a aji, ko da wane harshe ake darasin. Na gani da idona.

Saboda haka ina kira ga 'yan uwana malamai, mu kafa ƙungiyoyin wasan kwaikwayo a makarantunmu na boko da Islamiyya, yara su rubuta wasa da Hausar da suke yi a gida, a kan ruwan famfo da ya ƙi zuwa, da rigimar 'yan haya, da mai babur da ɗan sanda. A koya musu daidaitacciyar Hausa don karatu da rubutu, wannan wajibi ne, amma kada a yi haka ta hanyar kunyata ta gida. Gidajen rediyon Tamale da ke da shirin Hausa su ware ko minti 15 a mako ga irin wannan wasa. Sarakunan Zango da masu hali su ɗauki nauyi, don kuɗinsa bai kai abin da ake kashewa a biki ɗaya ba. Mu masu waya kuma mu zauna da tsofaffinmu, musamman tsofaffin sojoji da direbobi da iyaye mata masu tatsuniya, mu naɗi muryarsu tun suna raye. Alhaji Umaru na Kete Krachi ya rasu tun 1934, amma har yau ana nazarin rubuce-rubucensa na Hausa da Larabci saboda ya sa su a takarda. Wanda bai rubuta ba, ba a kuma naɗa ba, ƙasa ta rufe shi da iliminsa.

Rabilu Musa Ibro ya tafi a 2014, Ƙasimu Yero na Karambana ya bi shi a 2017, yanzu ga Samanja. Yaron nan da ya ce Hausar banza ce, na ba shi aikin rubuta wasa na minti biyar da za su yi a ƙarshen zangon karatu. Ya zaɓi ya fito a matsayin saje, har ya fara neman aron takalmin soja wajen kawunsa.

Allah ya jiƙan Usman Baba Pategi, ya gafarta masa kurakuransa, ya sa dariyar da ya sa bayin Allah ta zama nauyi a mizaninsa. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.