Tattalin Gida: A Ajiye Dawa, Ba Fam Ba

A wannan wata za mu duba yadda magidanci zai rage kuɗin cefane.

Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, darajar fam ta zube. Dalar Amurka da ake saye wajen fam 600 kafin yaƙin, ta haura fam 2,000 a 2024. Kuɗin da muka ɓoye ƙarƙashin katifa narkewa suke yi, amma buhun dawa yana nan buhunsa.

Duk mun san dawa ta fi araha da kaka, wajen Nuwamba da Disamba, ta fi tsada da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hanyoyi suka cika da taɓo. Mai awon kullum shi ke biyan wannan tsada, wani har ya faɗa bashin shail, ya sayar da amfanin gonarsa tun yana kore.

To, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gida biyar ko shida su haɗa kuɗi irin na adashi, wato sanduk, su saro buhuna daga kasuwar Sinnar ko Damazin a mota ɗaya, su raba da kaila. A shanya dawar ta bushe sarai kafin a zuba ta a rumbu ko matmura.

Haka kuma kuɓewa da tumatir na lambunan bakin kogi a Mai Wurno: a yanka a shanya tun suna banza a kasuwa.

Allah ya ba mu ikon tanadi. Sai wata mai zuwa.