Tsohuwar Tarakta Ta Ƙi Tashi? Ka Auna Kafin Ka Saya

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da ke cinye kuɗin manoma duk farkon damina. Tarakta ta ƙi tashi, sai a ce batir ne, a sayo sabo. Ta sake ƙi, a ce kik ne, a kwance a kai wa mai rewaya. Kafin a gano ciwon, danshin ƙasa ya gudu, maƙwabta sun gama huɗa. Ni a ganina, kada ka sayi komai sai ka auna. Mitar auna wuta ba ta kai kuɗin batir ɗaya ba.

Da farko, ka san irin injin da ke gabanka. Da yawa cikin bidiyoyin da kake kallo a YouTube na Ford 8N ne, wadda aka ƙera a Amurka daga 1947 zuwa 1952. Ita fetur take sha, batirinta bolt 6 ne, kuma kan (+) ake ɗaurawa a jikinta. Massey Ferguson 135 kuwa, mai injin Perkins silinda uku, man dizal take sha, ba ta da filogi, ba ta da kwayil. In ka bi darasin waccan a kan wannan, ka ɓata data, ka ɓata yini.

To, ɗauko mitarka.

1. Batir mai bolt 12 da ya cika zai nuna kusan 12.6. Wani ya murza makulli kana kallo: in ya faɗo ƙasa da 9.6, batirin ba shi da ƙarfi, a fara yi masa caji.

2. In batir ya tsaya daram amma kik na ƙas-ƙas kawai, duba kawunan batir da wayar da ke ɗaure a jikin tarakta. Tsatsa da farin garin nan su ne manyan ɓarayin wuta. Kwance, goge da samfefa har ƙarfe ya yi haske, ka ɗaure tamau. Sau da yawa nan aikin yake ƙarewa.

3. In shiru ka ji gaba ɗaya, duba ƙaramar sandar giya. A 135 sai tana kan harafin S wuta ke isa kik. Wannan makunnin kariya yakan lalace, wayarsa takan tsinke.

4. Bayan ta tashi, sake aunawa. Ka ga 13.8 zuwa 14.5, caji na tafiya. In lambar ba ta motsa ba, duba bel tukuna kafin ka zargi altaneta.

Mai ta fetur kuma, in kik na juyawa amma ba ta kama ba, zare wayar filogi ɗaya, riƙe ta da filaya mai roba kusa da jikin inji. Tartsatsi shuɗi mai ƙarfi lafiya ke nan. In babu, buɗe distiributa ka goge bakin kontak. Kwayil ne ƙarshen abin zargi, amma shi mutane ke fara saya.

Na san wani zai ce, ai makaniki ya fi ni sani. Gaskiya ne, ba cewa na yi ka daina kiransa ba. Amma wanda ya kira waya ya ce "batir 12.5 ne, kik na ƙas-ƙas" ya rage wa makaniki rabin aiki, kuma da wuya a sayar masa da abin da bai lalace ba.

Sai gargaɗi, don Allah. Dabarar nan ta haɗa kan kik da sukuddireba kana tsaye a ƙasa, ka bar ta. Tana tsallake makunnin kariya, in tarakta na cikin giya za ta zabura, kai kuma kana gaban babbar taya. Ka tayar da ita kana zaune a kujera, giya a firi.

Ka gwada wannan awon tun yanzu, kafin hadari ya haɗu. Allah ya ba mu damina mai albarka.