Raddi Ga Mai Cewa Mage Ɗaya Ta Ishi Sito

Wani malami a nan Guri, mutumin da nake ganin girmansa, ya daɗe yana ba 'yan kasuwa shawarar su samo ɗan mage guda, su kulle shi a siton shinkafa ko na bandar kifi, kada su haɗa shi da wani. Hujjojinsa na ji su, kuma ban gamsu ba.

Malam ya ce mage halittar kaɗaici ce. Rabin gaskiya ya faɗa. Kyanwar gida ta samo asali ne daga kyanwar dajin Afirka, wadda ita kaɗai take farauta, jikarta ma haka take har gobe. Amma farauta daban, zama daban. Malam ya leƙa inda masunta ke gyaran kifi, ko bakin tukubar masu banda, zai tarar da kyanwoyi mata uku ko huɗu kwance wuri guda, suna lasar juna, wata ma tana shayar da 'ya'yan 'yar uwarta. Inda abinci ya wadatu, kyanwoyi mata dangin juna kan zauna tare. Magen cikin gida kuwa, da ke haura katanga da daddare, ai ba ita kaɗai ba ce, ko da mai gidan yana zaton haka. Ta sito ce kaɗai aka yanke wa hanya.

Ya ce kuma biyu wasa za su tsaya yi, su bar ɓera, kuma yunwa ce ke sa kamu. Nan ne ya fi yin nisa da daidai. Wannan kokawar da ƙananan kyanwoyi ke yi, da laɓewa, da dirar mikiya a kan wutsiyar ɗan uwa, ita ce makarantar farautar. Tun suna wajen sati huɗu zuwa biyar uwa ke kawo musu ɓera da sauran ransa su gwada. A wasan ne kuma suke gane iyakar cizo, don in ɗaya ya matsa, ɗan uwan zai yi ƙara ya rama. Shi ya sa likitocin dabbobi ke hana raba su da uwa kafin sati takwas. Wanda aka ɗauke tun yana tangaɗi aka jefa cikin duhu, sai ka ga ya tashi da yaƙushin yara, da kukan dare, da fitsari a kan buhunan da aka ajiye shi gadi. Batun yunwa kuwa, ƙosasshiyar mage ma tana kamu, har ta fi juriya. Mayunwaciya kifin da ke gabanta za ta fara ci.

Tsoron hayayyafa yana da makama, tunda cikin mage wata biyu ne da 'yan kwanaki. Sai a ɗauki mata biyu 'yan ciki ɗaya, magana ta ƙare muddin suna sito.

Da aka zo kan addini, Malam ya ce ciyarwa kawai aka wajabta. Ban ce wani nassi ya umarci a ajiye biyu ba. Amma hadisin Bukhari da Muslim kan matar da aka yi wa azaba saboda mage ya ambaci tsarewa tare da hana ci. Ko a Suwizalan, dokar kula da dabbobi ta 2008 ba ta hana mage ɗaya ba, sai dai ta shardanta ta riƙa hulɗa da mutane kullum ko ta riƙa ganin 'yan uwanta. Sito da ake buɗewa ranar kasuwa kaɗai bai cika ko ɗaya ba.

Inda na yarda da Malam shi ne tsohon muzurun da ya saba da mulkinsa. Wannan kam kada a kawo masa baƙo, faɗa za a kwana ana yi.