Ƙattin ƙarfe a fagen daga

Wasannin bidiyo da ƙattin mutum-mutumi ke gwabzawa cikinsu, asalinsu zane ne. A shekara ta 1972, a ƙasar Japon, Go Nagai ya fito da Mazinger Z, ƙaton ƙarfe mai tsawon mita 18, wanda wani saurayi ke tuƙawa daga cikin kansa. Ƙanensa Goldorak ya bayyana a telebijin ta Faransa a 1978.

Daga bisani tuƙin ya koma hannun ɗan kallo. Amurka ta fitar da MechWarrior a 1989. A 1997 Japon ta kawo Armored Core, inda ɗan wasa ke harhaɗa ƙafafu, hannuwa da makamai kafin ya shiga fage. In ya labta kaya fiye da kima, tafiya ta gagara. Armored Core VI ya fito a 2023.

Wannan lissafi na nauyi da ƙarfi ba baƙo ba ne a Cadawa. Yaron da ke ƙera mota da kara da gwangwani ya san in lodi ya yi yawa ƙafa za ta karye. Kwamfuta da malami suka rage masa. Muddin bai same su ba, ƙattin wasu zai yi ta tuƙawa.