Saiwar Amurka da hantar matanmu

Akwai wata tsirar daji da ake kira bilak kohosh. Ba ta fitowa a ƙasarmu. Gidanta dazuzzukan gabashin Amurka da Kanada, cikin inuwa da laima. Tsawonta yakan kai mita 2, furenta fari, saiwarta baƙa. Mutanen asalin ƙasar sun daɗe suna shan saiwar don ciwon gaɓoɓi da cututtukan mata. Daga baya Jamusawa suka maida ta ƙwaya, ana ba matan da al'ada ta ɗauke musu, masu fama da zafin jiki mai tasowa farat ɗaya da zufar dare.

Shin tana aiki? A shekarar 2006 an ba da sakamakon wani gwaji na mata 351 a Amurka. Waɗanda suka sha saiwar ba su fi waɗanda suka sha ƙwayar da ba kome cikinta samun sauƙi ba. A 2012 masana suka tattara gwaji 16, na mata sama da 2000, suka ce hujjar amfaninta ba ta isa ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne hanta. A 2006 hukumar magunguna ta Turai ta yi gargaɗi, bayan an samu masu shan saiwar da hantarsu ta taɓu. Ba kowa takan kama ba, gaskiya ne. Amma mu nan ciwon hanta ya yi mana yawa, mutum yakan ɗauke shi shekaru bai sani ba. Hantar da ta riga ta gaji, don me za a ƙara mata kaya? Har ma an sha gano kwalaben da aka cika da wata saiwa ta Asiya, sunan kawai aka liƙa.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne, in an kawo wa mace wannan kwalba, ko tsaraba ce daga Turai, ta nuna wa lokotoro kafin ta buɗe. Mai ciki da mai shayarwa kada su taɓa. Kuma kada a ɗauke ta habbatus sauda ce don an ji an ce baƙa, ba tsiro ɗaya ba ne. Wadda ta riga ta fara sha, in ta ga idonta ya yi shawara, fitsari ya yi duhu, abinci ya fita ranta, ta daina nan take, ta tafi likita da kwalbar a hannu.