Littattafan Yaƙi Masu Dogon Zango: Kwarin Rima Na Jiran Marubucinsa

Sanin kowa ne cewa akwai wani irin littafi wanda in mutum ya ɗauka ba ya iya ajiyewa, in kuwa ya kai ƙarshensa sai ya shiga cigiyar na biyu. Wannan shi ne labarin yaƙi mai fitowa jere-jere, watau wanda marubuci zai ɗauki jarumi guda ya yi ta binsa daga wannan fagen fama zuwa wancan, littafi bayan littafi, har tsawon shekaru. Akan ga ma'aikaci ya taso daga ofis a gajiye, amma ya raba dare yana bin sawun wani barde. Akan kuma ga ɗalibin da littafin tarihi na aji ke sa shi gyangyaɗi ya haddace sunayen sadaukai ashirin ba tare da wani ya sa shi ba. To, ya kamata a tsaya a tambaya, mene ne sirrin wannan sha'awa, kuma wane amfani za a ci da ita a ƙasar Hausa, musamman a gabashin Jihar Sakkwato inda tarihin yaƙi yake kwance birjik ba mai taɓawa.

Abin ba a nan kaɗai yake ba. A Ingila wani marubuci mai suna Bernard Cornwell ya fara buga labarin wani soja, Richard Sharpe, a shekarar 1981, ya kuma ci gaba da shi har littattafan suka haura 20. Sharpe ya fara a matsayin ƙaramin soja marar gata a Indiya, ya yi yaƙi a Fotugal da Sifen, ya yi ta hawa har ya zama babban hafsa a yaƙin Waterloo na 1815 inda aka karya Napoleon. Shi ma Patrick O'Brian ya kammala littattafai 20 tsakanin 1969 da 1999 a kan wani kyaftin na jirgin ruwan yaƙi da amininsa likita. Tun kafin su, a Misra, Jurji Zaidan, wanda ya kafa mujallar Al-Hilal a Alƙahira cikin 1892, ya rubuta ƙagaggun labarai fiye da 20 bisa tarihin Musulunci kafin mutuwarsa a 1914, kuma har yau ana sake buga su.

In an lura, dalilin farko da ke riƙe mai karatu shi ne sabo. Masu iya magana sun ce sabo turken wawa, amma a nan har mai wayo yakan ɗauru. Wanda ya yi shekara goma yana bin jarumi guda ya san halinsa, ya san tabon da ke jikinsa da inda ya same shi, ya ga ƙuruciyarsa ya ga furfurarsa. In aka kashe abokin jarumin a littafi na takwas, sai mai karatu ya ji kamar shi aka yi wa rashi. Littafi guda, komai daɗinsa, ba ya da filin da zai gina irin wannan zumunci.

Dalili na biyu kuwa shi ne ƙasar da labarin ya taka. Jarumin ƙagagge ne, amma yaƙin na gaskiya ne, garin yana nan, ranar ma tana rubuce. Mai karatu yana cikin jin daɗi sai ya tarar ya san yadda ake ɗura bindiga, da abin da soja ke ci a sansani, da dalilin da ya sa damina ke tsayar da runduna. Cornwell yakan rufe kowane littafi da ɗan bayani, ya ce ga abin da ya faru haƙiƙa, ga kuma wanda ya ƙara da kansa. Ta haka mutum ke shan ilmi cikin romon labari, ba tare da an ruɗe shi ba.

Hausawa ba baƙin wannan sha'awa ba ne. Tun da daɗewa malamai ke karanta wa jama'a labarin Antaru ɗan Shaddadu da na Saifu ɗan Ziyazanu. Da aka yi gasar ƙaga labarai ta 1933 a Zariya ƙarƙashin Dokta Rupert East, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito shi ne Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda ya ɗauko labarinsa daga faɗan Sarkin Sudan na Kwantagora da Turawa. A zamanin nan kuma kasuwar Kano ta cika da abin da ake kira littattafan yaƙi, masu fitowa kashi-kashi, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, waɗanda matasa ke saye, suna aro, suna kuma sauraron karatunsu ta wayar hannu. Ashe ke nan masu karatu suna nan, ƙishirwar ma tana nan.

Amma fa a nan gizo ke saƙar. Shi kansa Ganɗoki, bayan ya fara da ƙafarsa a kan tarihi, bai daɗe ba ya nufi gabas ya faɗa ƙasar aljannu. Galibin littattafan yaƙi na yau sun bi wannan sawu: biranensu ba su cikin taswira, sadaukansu na kashe dubu da sara guda, boka da takobin tsafi su ke raba gardama. Ba laifi ba ne, domin tatsuniya ma tana da gurbinta, kuma waɗannan marubuta sun cancanci yabo da suka hana matasa yin sallama da karatun Hausa. Sai dai yaro zai karanta kashi talatin ya tashi bai ƙaru da sanin ko gari ɗaya na ƙasarsa ba. An samu sabon, an rasa ƙasar.

Wanda ya tashi daga Sakkwato ya bi ta Achida zuwa Goronyo, abin da zai fi ɗaukar hankalinsa shi ne gonakin shinkafa da albasa da tafarnuwa, da kuma madatsar ruwan da aka kammala a kan gulbin Rima cikin 1984, mai iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Kaɗan ne za su tuna cewa wannan kwari shi ne bakin daga na kusan shekara ɗari. A saman gulbin ne Alkalawa take, babban birnin Gobir, wanda ya faɗi hannun jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo cikin 1808, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Kusa da ita aka yi yaƙin Tsuntsuwa a ƙarshen 1804, inda aka ruwaito mahaddata Alƙur'ani kimanin 200 suka kwanta dama. Wurno kuwa ribaɗi ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa don tsaron wannan iyaka, a can ya rasu cikin 1837, a can kabarinsa yake. Rabah ita ce ta ba da Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, kakan Sardauna Ahmadu Bello.

Daɗin daɗawa, kayan aikin marubuci a shirye suke. Muhammadu Bello ya bar Infaƙul Maisuri, Malam Abdullahi na Gwandu ya bar Tazyinul Waraƙati, Nana Asma'u ta bar waƙoƙi a kan waɗannan yaƙe-yaƙe, Waziri Junaidu ya rubuta Tarihin Fulani. Baƙi ma sun bar shaida. Kyaftin Clapperton ya ga harin da rundunar Bello ta kai wa Gobirawa a Konya cikin Oktoba 1826, wanda bai yi nasara ba, har ya ba da labarin wata tsohuwar baiwa Bazamfara da ta hau doki da goruna tana shayar da mayaƙa ruwa ana tsakiyar ruwan kibau. Dokta Barth ya sauka Wurno a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Wane marubuci ne zai ga wannan tsohuwa mai goruna ya ce sai ya je ƙasar aljannu neman jaruma?

A ƙaddara wani ya ɗauki yaro ɗan shekara 15 mai riƙe wa ubangidansa doki ranar Tabkin Kwatto a 1804. Zai kasance ɗan 19 ranar da aka ci Alkalawa, ɗan 37 a bakin ganuwar Konya, ɗan 47 a Gawakuke cikin 1836, inda Bello ya karya taron dangin Gobir da Maraɗi da Azbinawa. Zai tsufa a Wurno yana ɗan 64 ya ga shigowar Barth. Jikansa kuwa shi zai tsaya a Giginya ranar 15 ga Maris 1903, ya bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi. Wannan littafi goma ne ko fiye, kowanne da shekararsa da filinsa, da 'yan lifidi da 'yan baka, da maƙera masu ƙera mashi, da fatake, da matan da aka bari a gida suna jiran labari.

Ko shakka babu za a sami masu ja da wannan shawara, kuma hujjarsu ba ta yasarwa ba ce. Wasu za su ce bai dace a sa wa Shehu ko Bello maganar da ba su faɗa ba. Gaskiya ne, kuma maganin abin shi ne wanda ƙwararrun wannan fanni suka daɗe da ganowa: jarumin labari ya zama talaka ƙagagge, manya kuwa a hango su daga nesa, kada a jingina musu komai sai abin da ya tabbata a rubuce. Haka Sharpe yake hango Janar Wellington jefi-jefi. A ƙarshen littafi kuma a rarrabe wa mai karatu tsaba da tsakuwa.

Wasu kuma za su ce tone-tone ne, zai fama tsohon miki tsakanin jikokin waɗanda suka gwabza, alhali yankin yana cikin wani hali. Wannan ita ce magana mai nauyi. Gabashin Sakkwato ya ɗanɗana kuɗarsa a hannun 'yan bindiga. Ba a manta da harin kasuwar Goronyo na ranar 17 ga Oktoba 2021 ba, inda aka kashe mutum fiye da 40, ban da abin da ya sami ƙauyukan Rabah da Isa da Sabon Birni. Mai hankali zai iya tambaya, yaron da ya kwana yana jin ƙarar bindiga, littafin yaƙi za a ba shi?

Amsar ita ce yaro ba ya rayuwa ba jarumi. In ba a ba shi nagari ba zai tsinci mugu a hanya. An ga lokacin da wasu mawaƙa suka riƙa yi wa shugabannin 'yan bindiga kirari, yara na bi suna rerawa. Littafin yaƙi na ƙwarai shi ne ke koya wa matashi bambancin mayaƙi da ɗan fashi: mayaƙi yana da shugaba da doka da amana, yana da abin da ba ya taɓawa ko da ya sami iko. Shi ne kuma ke nuna masa abin da kirari ke ɓoyewa, watau yunwar sansani, da annoba, da gonar da aka bari ba shuka, da ɗan da aka kama aka sayar bayi. Wanda ya bi jarumi shekara arba'in ya ga abokansa na faɗuwa ɗaya bayan ɗaya ba zai ɗauki yaƙi wasa ba.

Sharaɗin kawai shi ne a yi adalci. Kada a mai da Bagobiri ko Bakabe ko Bazamfare dodo marar fuska. Su ma suna da mazajensu, irin su Mayaƙi na Tsibiri da Yakubu Nabame na Argungu, kuma jikokinsu suna cikin masu karatu. Jerin littattafai mai tsawo yana da filin da zai shiga sansani biyu, ya nuna auratayya da ciniki da sulhu da suka riƙa gudana tsakanin yaƙi da yaƙi, har ya kai ga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, wadda ta rufe tsohuwar gaba. Tarihin da aka ɓoye shi ne masu son zuciya ke tonowa rabi-rabi. Wanda aka baje a faifai kowa ya gani ba ya zama makami.

Saboda haka ya kamata waɗanda abin ya rataya a wuyansu su motsa. Sashen tarihi da na harsunan Nijeriya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, suna iya buɗe wa marubuta ƙofa, su sauƙaƙe musu samun fassarar tsofaffin littattafai cikin Hausa. Ma'aikatar Ilmi ta jiha tana iya sa gasa ta ƙagaggen labarin tarihi, da alkawarin buga kashi uku na farko a raba wa makarantun sakandare. Ba baƙon abu ba ne, domin gasa ce ta haifi Ganɗoki, gasa ce kuma ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid a 1980. Su kuma marubutan littattafan yaƙi, da suka riga suka ƙware wajen riƙe mai karatu, abin da ya rage musu shi ne su taka zuwa Wurno da kufan Alkalawa, su zauna da dattawa, su ga ƙasar da idonsu.

Ruwan da ke kwance a Goronyo ba ya amfanin manomi sai an ja shi ta magudana zuwa gona. Haka tarihin wannan kwari yake a ɗakunan ajiya da kundayen jami'a, yana jiran mai ja masa hanya zuwa hannun ɗalibi da ma'aikaci. Dattawan da suka ji labarin Giginya daga bakin kakanninsu kullum raguwa suke yi, don haka da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah ya kawo zaman lafiya a gabashin Sakkwato da ƙasa baki ɗaya, ya sa a dace, amin.